Shin koyon dabarun karta masu wuya daga bidiyo ya cancanci wahalar?

Tambaya: "Assalamu alaikum Malam. Na ɗan jima ina sha'awar wasan rufa-ido da karta. Na iya 'yan wasanni masu sauƙi waɗanda lissafi ke tafiyar da su, amma yanzu ina son shiga masu wuyar, irin su ɓoye kati a tafin hannu, da musanya rabin karta ba a gani ba, da rabawa daga ƙasa. Ba ni da malami, bidiyo kawai nake da shi. Wasu sun ce mini ɓata lokaci ne, wai ba a koyon irin wannan sai a gaban gwani. Shin in ci gaba, ko in tsaya a kan masu sauƙin?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Tambayoyi biyu ka haɗa wuri guda, kuma gara mu raba su. Ta farko, ko dabaru masu wuya sun cancanci watannin da za su ci maka. Ta biyu, ko bidiyo zai iya tsaya maka a matsayin malami. Amsata a taƙaice ita ce ka ci gaba, waɗanda suka ce ba a koyo sai a gaban gwani sun wuce gona da iri. Amma bidiyo yatsu yake koyarwa, ba ya koyar da lokacin da ake yin dabara, kuma a wannan sana'a lokacin ya fi yatsun muhimmanci. Duk abin da zan faɗa a ƙasa bayanin wannan magana ce.

Inda masu wuyar suka samo asali

Yana da kyau ka san cewa da yawa daga cikin dabarun da ake kira masu wuya ba masu nishaɗantar da jama'a ne suka ƙirƙiro su ba. Daga teburin 'yan caca masu maguɗi suka fito. Littafin da har yau ake komawa gare shi a kan wannan fanni an buga shi ne a Shikago a 1902, da sunan wani S. W. Erdnase, wanda har yanzu ake gardamar ko wane ne shi. Kashi mafi girma na littafin a kan maguɗin tebur yake: rabawa daga ƙasa, raba kati na biyu a bar na sama, cuɗawar ƙarya, mayar da yanka yadda yake. Masu rufa-ido sun ɗauki waɗannan suka mayar da su kayan nishaɗi, inda kowa ya san wasa ake yi kuma ba a cin kuɗin kowa.

Me ya sa wannan tarihi ya shafe ka? Saboda mai maguɗi yana aiki ne cikin ƙunci. Kowa a teburin hannunsa yake kallo, ba shi da damar tashi tsaye, ko ya ba da labari, ko ya miƙa wa wani kartar ya ce riƙe mini. Dole dabararsa ta ɓace a gaban idon da ke zarginsa. Kai kuwa kana da baki, kana da ido, kana da ikon tsara wasan yadda kake so. Saboda haka wasu dabarun an yi su ne don warware matsalar da kai ba ka da ita.

A da, ganin irin wannan aiki da ido babban rabo ne. Dai Vernon, ɗan Kanada da aka haifa a 1894, wanda masu wannan sana'a ke kira Farfesa, ya ji labarin wani mai caca da ke iya raba kati daga tsakiyar tari. Ya yi ta cigiya gari-gari har ya same shi a 1932 a wani ƙaramin gari mai suna Pleasant Hill a jihar Missouri ta Amurka. Sunan mutumin Allen Kennedy. Duk wannan tafiya don ya ga motsi ɗaya ne da idonsa. Yau kana kwance a ɗaki za ka ga irin wannan motsi, ka rage masa gudu, ka tariyo shi sau nawa ka ga dama. Wanda ya raina wannan bai san abin da magabata suka sha ba.

Abin da bidiyo ya fi littafi

Gani ya kori ji, kuma a nan gaskiya ce tsantsa. Akwai abubuwan da shafi goma ba za su bayyana ba amma daƙiƙa biyar ta bidiyo ta wadatar. Na farko shi ne yadda dabara take idan ta nuna. Mai koyo daga littafi yakan yi watanni bai san ko abin da yake nema mai yiwuwa ba ne, sai ya fara zargin marubucin da ƙari. Da zarar ka ga ƙwararre ya juya kati biyu kamar guda ɗaya ba tare da wata alama ba, ka sami ma'auni. Na biyu shi ne saurin motsi. Sababbin shiga kusan dukansu suna ɗauka sauri ne sirrin, alhali ido ya fi kama motsi mai fizga. Bidiyo mai kyau zai nuna maka cewa gwani a natse yake, hannunsa ba ya gaggawa. Na uku shi ne riƙo: inda babban yatsa ke zama, zurfin tarin a cikin tafi, girman 'yar ratar da ƙaramin yatsa ke riƙewa.

Kuma akwai shaidar cewa hanyar tana kaiwa. Shin Lim, wanda ya ci gasar duniya ta masu rufa-ido da ake kira FISM a ɓangaren karta a 2015, sannan ya ci gasar nuna bajinta ta talabijin a Amurka, America's Got Talent, a 2018, an san cewa yawancin koyonsa na farko daga YouTube ne. Sai dai ka lura da abu biyu game da shi. Ya shigo da yatsun da suka daɗe suna kiɗan fiyano, sun saba da horo mai tsanani. Sannan wasannin da suka ɗaukaka shi ba magana a cikinsu, kiɗa ne ke tashi, 'yan kallo suna gabansa ta fuska ɗaya. Wannan fanni ne mai daraja, amma ya bambanta da zama a tsakiyar abokai, wani a hagu, wani a dama, wani yana leƙowa ta kafaɗarka.

Abin da kyamara ke ɓoye maka

A nan nake so mu daɗe, domin a nan na fi ganin ɓarna a hannun waɗanda suke zuwa wurina bayan sun koya daga bidiyo kaɗai.

Kyamara ido ɗaya gare ta, kuma ba ta motsi. Mai bidiyon ya ajiye ta ne daidai inda dabarar ta fi kyau. Musayar rabi da ka ambata, wadda za ka ji suna kira fas, tana iya ɓacewa sarai idan an kalle ta daga gaba da ɗan sama, amma daga gefe guda ko daga ƙasa a fili take. Yaro ƙarami da ke tsaye kusa da kai, wanda idonsa yake daidai da hannunka, zai ga abin da manya ba su gani ba. Yawancin gajerun bidiyoyi ba sa gaya maka wannan, domin mai yin su ma wataƙila bai taɓa yin dabarar a gaban mutane ba.

Sannan ba ka san sau nawa aka ɗauka kafin a sami wanda aka ɗora ba. Abin da kake kallo shi ne mafi kyawun gwaji. A gaban mutane kuwa dama ɗaya gare ka, hannunka yana gumi, zuciyarka tana bugawa. Dabarar da ke fita sau bakwai cikin goma ta isa a yi bidiyo mai ban sha'awa da ita, amma ba ta isa a fita da ita ba.

Akwai kuma sauti. Karta tana magana. Musayar rabi tana da 'yar ƙara idan yatsu suka matsa da yawa, kati na biyu idan ya zamo daga ƙarƙashin na sama ƙararsa daban da ta na sama. Idan an ɗora kiɗa a kan bidiyo duk wannan ya ɓace, sai ka wayi gari kana da dabarar da ido ba ya gani amma kunne yana ji.

Mafi girman abin da ba ya fitowa a hoto shi ne ƙarfin matsawa. Ɗauki cuɗawar nan da ake raba tari gida biyu daidai, 26 da 26, a saƙa su kati ɗaya bayan ɗaya. Idan aka yi ta daidai sau 8, ana barin katin sama a sama kowane karo, duka 52 za su koma yadda suke tun farko. Kana iya kallonta sau ɗari, amma sirrinta yana cikin yadda gefunan biyu ke taɓa juna da sauƙin hannu, kuma wannan ba ya ganuwa. Mai koyo yakan danna da ƙarfi, sai katin ya ƙi shiga, sai ya ƙara ƙarfi. Richard Turner, Ba'amurken da ake sawa cikin waɗanda suka fi kowa iya raba kati na biyu, makaho ne. Wannan kaɗai ya isa ya nuna maka cewa ilimin a fatar yatsa yake zaune.

Sai ɗabi'ar da bidiyo ke dasawa ba ka sani ba. Tun da hoton daga wuya zuwa ƙasa ake ɗauka, ko ma hannu kawai, mai koyo yakan taso yana kallon hannunsa. Idan ya zo yin dabarar sai ya yi shiru, ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa su ɗaga, hannun ya sandare. Ko da ba a ga komai ba, kowa ya san an yi wani abu a wannan lokacin, kuma da zarar ɗan kallo ya ce a ransa "a nan ya yi", mamakin ya mutu. John Ramsay, wani tsohon gwani ɗan Sikotilan, ya bar ƙa'idar da ake ta maimaitawa: idan kana son su kalli abu, kai ma ka kalle shi, idan kana son su kalle ka, ka kalle su. Juan Tamariz na Sifaniya kuwa ya gina koyarwarsa a kan abu biyar, ido da murya da hannuwa da ƙafafu da jiki. Ka ga hannu ɗaya ne cikin biyar, amma shi kaɗai gajeren bidiyo ke nunawa.

Shi ya sa na ce lokaci ya fi yatsu. Ɓoye kati a tafi ba ya wuce daƙiƙa guda. Idan ka yi shi sa'ad da duk ido ke kan tarin, sai ka zama gwanin gwanaye kafin ka tsira. Idan ka yi shi sa'ad da ka ɗago kai ka tambayi mutum, "Ka tabbata ba ka manta katinka ba?", kuma ya ɗago yana ba ka amsa, matsakaiciyar ƙwarewa ta isa. Ko Erdnase ya nuna cewa ƙwararre idan ya kasa gyara hanyar, sai ya sauya lokacin. Ba za ka koyi wannan daga allo ba, domin allo ba ya ɗago kai.

Wace wuya ce ta cancanta

Ɗan kallo ba ya biyan ka ladan wahala. Abin da ya gani kawai ya sani. Akwai wasan da Paul Curry ya fitar a 1942, inda ɗan kallo da kansa yake raba karta a kife gida biyu bisa abin da zuciyarsa ta ba shi, a ƙarshe a buɗe a ga jajaye gefe guda, baƙaƙe gefe guda. Kusan babu ƙwarewar yatsa a cikinsa, amma har yau yana cikin wasannin da suka fi girgiza mutane. Don haka kada ka kalli masu sauƙin da ka iya a matsayin aji ɗaya da za a wuce a manta.

To me ya sa duk da haka nake cewa ka koyi masu wuyar? Saboda suna ba ka 'yanci. Wasan lissafi yana da hanya ɗaya, idan ɗan kallo ya karɓi kartar ya cuɗa, ko ya mayar da kati inda ba ka so, ka shiga uku. Mai ƙwarewar hannu zai iya karɓar kowace karta, sabuwa ko tsohuwa, a cuɗe, ya yi aiki da ita, kuma idan abu ya karkace yana da ƙofar fita. Akwai kuma daɗin abin shi kansa. Wasu suna son atisayen ne kawai, kamar yadda wani ke son koyon kiɗa ba don ya hau dandamali ba. Idan kana cikinsu, babu laifi, kuma bidiyo ya kusan wadatar da kai.

Amma idan burinka ka ba mutane mamaki, ga yadda nake auna dabaru ukun da ka ambata. Ɓoye kati a tafi ya cancanci kowace sa'a da za ka ba shi, domin yana buɗe wasannin da babu wata hanya zuwa gare su, kamar katin da aka sa wa hannu ya bayyana a aljihunka. Wahalarsa ma ba a yatsu take ba, a zuciya take: mutum yana jin kamar kowa yana ganin katin. Kada ƙanƙantar hannu ta hana ka. Max Malini, wanda ya yi wa sarakuna da shugabanni wasa, an san shi da ƙananan hannuwan da ba sa rufe kati duka. Idan ka ga dama ka fara da karta mai faɗin inci 2.25 kafin ka koma mai inci 2.5.

Musayar rabi kuwa, amfaninta shi ne kawo katin da aka zaɓa zuwa sama ba tare da an ga ka yi komai ba. Kyakkyawa ce, ina son ta, ina kuma amfani da ita. Amma tana cin shekaru kafin ta nuna, kuma akwai hanyoyi masu sauƙi, ta yanka ko ta cuɗawa, da ke kai kati wuri ɗaya. Ka riƙa taɓa ta a gefe, kada ka jingina wasanninka a kanta yanzu. Rabawa daga ƙasa ita ce ta ƙarshe a layi, sai fa idan nunin yadda 'yan maguɗi ke aiki ne ya fi burge ka.

Abin da ba ka ambata ba shi ne ya fi cancanta: juya kati biyu kamar ɗaya, riƙe rata da ƙaramin yatsa, cuɗawar ƙarya guda ɗaya mai tsabta, sa mutum ya zaɓi katin da kake so yana ganin zaɓinsa ne, da ƙirgar nan ta Alex Elmsley da aka buga a 1959, wadda ke nuna kati huɗu alhali ɗaya a ɓoye yake. Ana kiran su masu sauƙi saboda a yini guda za ka gane yadda ake yin su. Yin su yadda ba za a ko yi zargi ba yana cikin mafi wuyar abin da ke cikin sana'ar.

Yadda zan so ka yi amfani da bidiyon

Ka zaɓi malami, ba bidiyo ba. Alamomin nagari a bayyane suke. Yana nuna wasan gaba ɗaya a gaban mutane na gaske kafin ya yi bayani. Yana nuna dabarar ta bayan kafaɗarsa, yadda kai za ka ga hannunka, ba ta gaba kawai ba inda dama ke komawa hagu. Yana gaya maka kusurwar da ba ta da kyau. Yana faɗin wanda ya ƙirƙiro dabarar da inda aka fara buga ta. Wannan na ƙarshen ba ladabi kawai ba ne: wanda ya san asalin dabara yawanci ya karanta dalilan da ke bayanta, wanda kuwa ya laƙaba mata sabon suna ya ce tasa ce, sau da yawa daga wani bidiyon ya kwafo, har da kurakuran. Tsofaffin darussan da aka ɗauka a kaset, irin na Vernon a farkon shekarun 1980 da na Michael Ammar a shekarun 1990, hotonsu ba shi da kyau kamar na yanzu, amma masu magana a cikinsu sun yi rayuwarsu a gaban 'yan kallo.

Ka haɗa da littafi idan kana karanta Turanci. Wanda Jean Hugard da Frederick Braue suka fitar a 1948 domin masu farawa yana bin tsari, kowace dabara tare da wasannin da ake yi da ita. Roberto Giobbi na Suwizalan ya yi irin wannan aiki a juzu'i 5, da bayani mafi zurfi. Amfanin littafi shi ne ba ya ba ka murya ko barkwancin wani ka kwaikwaya, dole ka nemo naka. Ina yawan ganin matasa suna maimaita kalmomin mai bidiyo har da inda yake dariya, abin kuwa ba ya zama a bakinsu.

Taura biyu ba ta taunuwa. Dabara ɗaya, tare da wasa ɗaya da ke buƙatar ta, har sai ka yi wa mutane shi. Babbar cutar intanet a wannan fanni ita ce tarawa: mutum ya san yadda ake yin dabaru hamsin, ba ya iya yin ko ɗaya. Kafin ka koyi na ƙarya, ka kalli yadda hannunka ke yin na gaskiya. Juya kati ɗaya tak sau da yawa, ka lura da yadda kake yi ba tare da tunani ba, sannan ka sa juyin biyun ya yi kama da shi.

Kyamarar da ta ɓoye maka abubuwa za ta iya zama mai gaya maka gaskiya idan ka juya ta kanka. Ta fi madubi, domin masu atisaye a gaban madubi sukan koyi ƙifta ido daidai lokacin dabarar, ba su sani ba, sai su riƙa ganin komai lafiya. Ajiye wayarka a hagu, gobe a dama, jibi a ƙasa, ka ɗauki jikinka duka har da fuska, kana magana kamar da mutum a gabanka, kuma kada ka sa kiɗa. Bar hoton ya kwana kafin ka kalla. Atisaye gajere kullum ya fi na sa'o'i a rana ɗaya, kuma ka fara a hankali ƙwarai, domin abin da hannu ya maimaita shi yake riƙewa, daidai ne ko kuskure, kuma kankare kuskuren da ya zauna ya fi koyon sabo wuya. Idan ka ji zafi a wuyan hannu ko gindin babban yatsa, ka tsaya. Yawanci alama ce ta kana matsawa fiye da kima, idan kuma ya ƙi tafiya ka ga likita.

Akwai iyakar abin da zan iya yi maka daga nesa, tun da hannunka ba ya gabana. Gyaran da malami zai yi cikin minti ɗaya, ya ɗan tura yatsanka gaba ya ce sassauta nan, shi ne abin da bidiyo da littafi da wannan amsa duka ba za su ba ka ba. Kuma ni aikina na kusa ne, a tebur da cikin mutane. Idan wasan da ake yi don kyamara kawai ko jujjuya karta don ado ne ya ja hankalinka, lissafin ya sauya, bidiyo ya zama shi ne gidan abin. Ga naka burin dai, ka nemi ko mutum ɗaya da ya fi ka, ko ta kiran bidiyo ne, ka nuna masa hannunka lokaci-lokaci. Sannan ka sami aboki mai gaskiya wanda ba ya jin nauyinka, ka yi masa wasan, kada ka tambaye shi ko ya ga wani abu. Tambaye shi a wane lokaci ne ya ji kamar ka yi wani abu, sai ka koma ka yi aiki a kan wannan daƙiƙar.